Yadda ake shirya wa likitoci atisayen magana da mara lafiya ta hanyar 'yan wasan kwaikwayo

Masu koyar da ɗaliban likitanci da na aikin jinya a Katsina sun yi ta turo tambaya iri ɗaya: atisayen nan da ake zaunar da ɗan wasan kwaikwayo a matsayin mara lafiya, likita ya gwada magana da shi, ta ina ake faro shi, kuma me yake ci? Tun 1963 wani likitan jijiyoyi, Howard Barrows, ya fara shi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Amurka, kuma har yau ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Abu biyu yake buƙata: labarin da aka ɗauko daga ɗakunan asibitinmu, da ɗan wasan da ya iya riƙe bakinsa har sai an tambaye shi yadda ya kamata. Tsarin da ke ƙasa na likitoci 12 ne a wuni ɗaya.

1. Ku tsayar da abu ɗaya da za a koya

Kada ku rubuta cewa za a koyi "iya magana da jama'a". Ba a iya auna wannan. Ku ware aiki guda: sanar da sakamako mara daɗi, ko neman amincewa kafin tiyata, ko shawo kan dattijon da ya ajiye maganin hawan jini don ya ji sauƙi, ko tarbar ɗan'uwan da ya shigo a fusace. In kun rasa na zaɓa, ku tambayi nas-nas da ungozomomi inda rigima ta fi tashi, su ake bar wa dangi bayan likita ya fita.

In shugabannin asibiti sun nemi hujja kafin su saki kuɗi, sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa mara lafiya halin da yake ciki da hanyoyin magani, cikin harshen da yake ji in da hali, tare da la'akari da iliminsa.

Gargaɗi: a zaman farko kada ku fara da sanar da rasuwa. Ya yi nauyi ga 'yan wasan da ba su saba ba, da likitocin ma.

2. Ku rubuta labarai huɗu a kan wannan abu ɗayan

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi yin ganganci. Da yawa suna kwaso labari daga intanet su juya shi da Hausa, sai ka ga mara lafiya ta shigo ita kaɗai, ta kalli likita ido cikin ido tana zayyano abin da ke damunta. Wa ya taɓa ganin haka a asibitin Turai 'Yar'aduwa ko a Babbar Ruga? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku zauna da likita ɗaya, nas ɗaya da wanda ya iya rubuta wasa, ku gina labaran daga abin da kuke gani kullum.

A ce an zaɓi sanar da sakamako mara daɗi. Labarai huɗu za su iya zama: mace da gwaji ya nuna tana da sankarar mama, saurayi da budurwa da aka sa wa rana, gwaji ya nuna dukansu AS ne, wato kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai amosanin jini, matashin da ya zo ba wa ɗan'uwansa jini aka gano yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da dattijo mai ciwon suga da gyambon ƙafarsa ya kai ga yankewa.

Kowane labari takarda uku gare shi. Ta likita gajera ce, layi biyar sun isa: wa zai gani, me sakamako ya nuna, me ake so ya yi, minti nawa gare shi. Ta masu lura, wato sauran likitocin da ke zaune suna kallo, jerin abubuwan da za su sa wa ido ne, kada su wuce goma. Ta ɗan wasa ita ce mai tsawo.

Ga yadda ta ɗan wasa a labarin farko za ta kasance. Mace ce mai shekara 42 daga wani ƙauye na wajen Batagarawa, 'ya'ya shida, tana sayar da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Wata takwas da ta fara jin ƙullutu, ta yi na gargajiya, ta sha rubutu, sai da wurin ya fara canza kama ta zo. Ɗanta na fari ne ya rako ta. Tun a bakin ƙofa zai tare likita: "Ranka ya daɗe, don Allah in abin babba ne kada ka gaya mata, ni ka gaya mani." Ita kuwa maganarta ta farko ɗaya ce, ba ta canzawa ko sau nawa aka maimaita wasan: "Likita, an ce mu dawo yau." Daga nan ta yi shiru, kai a sunkuye.

Sai ku rubuta mata abin da ke ƙunshe a ranta a hawa uku. Hawan farko, abin da za ta faɗa wa duk wanda ya tambaya: yaushe ya fara, ina ke ciwo. Hawa na biyu, abin da ba za ta faɗa ba sai likita ya nemi ɗan ya ɗan ba su wuri: ba za ta yi maganar nono a gaban ɗan fari ba, ko sunansa ma ba ta kamawa. Hawa na uku ba ya fitowa sai an tambaye ta me take tsoro, kuma an jira amsa: gwaggonta an yi mata aiki ta rasu, don haka ta yi imani in ƙarfe ya taɓa abin sai ya bazu, kuma tana tunanin yadda zamanta zai kasance da maigidan in aka cire mata nono, ga abokiyar zama. Likitan da bai kai hawa na uku ba zai rubuta mata ranar tiyata, ta ce "to", ba za a sake ganin ta ba.

Ku rubuta mata har da abin da za ta yi in an kuskure. In likita ya jero kalmomin Turanci, ta ce "to, likita" kawai. In ya furta sunan ciwon babu share fage, ta yi salati ta daina sauraro, duk abin da ya biyo baya ta amsa da "Allah ya sa haka ne mafi alheri". Ba za ta yi faɗa ba, ba za ta yi kururuwa ba. Rufewa za ta yi, kamar yadda mutanenmu ke yi.

Gargaɗi: kada ku kwafe labarin wani mara lafiya na gaske yadda yake. Katsina ba ta da girman da ba za a gane mutum ba. Ku canza gari, shekaru, sana'a da yawan 'ya'ya, ku haɗa mutum uku ku yi ɗaya.

3. Ku nemo 'yan wasa

Kuna buƙatar mutum takwas, bibbiyu ga kowane labari, mara lafiya da mai rakiya, sai mace ɗaya ta ko-ta-kwana, tara ke nan. Ku duba masu wasan kwaikwayo na gidajen rediyo, ƙungiyoyin wasa na unguwanni, ɗaliban sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da malaman makaranta da suka yi ritaya. Na ƙarshen nan su na fi so: suna da lokaci, suna da haƙurin maimaita abu, sun saba yi wa mutum gyara ba tare da sun ci masa fuska ba, kuma shekarunsu sun dace da rawar Baba da Inna. Ɗan shekara 22 da aka shafa wa hoda a gemu ba ya zama dattijo a tazarar taku biyu. In kun sami mai jin Fulatanci ku riƙe shi, zai yi amfani a labarin da sai an nemi tafinta.

Waɗanda za a kauce wa: ɗan barkwanci da duk wanda fuskarsa ta shahara, don likita zai shiga yana murmushi, ma'aikacin asibiti da ɗalibin likitanci, don sun san amsar da ake nema za su miƙa ta, da wanda ya yi rashi kwanan nan ta irin ciwon da ke cikin labarin. Wannan ku tambaya a keɓe tun ranar farko.

Ku gwada kowa da minti biyar: a ba shi rabin shafi ya karanta, wani ya zauna a matsayin likita. Ba mai iya kuka kuke nema ba. Mai iya shiru kuke nema, wanda ba ya ƙara gishiri a labari, kuma zai tuna daga baya abin da aka ce masa.

Gargaɗi: matan aure da 'yanmata, a bayyana wa mazajensu ko iyayensu aikin tun farko, a rubuce, har da cewa babu cire tufafi kuma babu duba jiki. Ba a sa yara ƙanana. In labari na yaro ne, a ce yana kwance a ɗakin yara, iyayen ake magana da su.

4. Ku horar da su, zama uku na awa bibbiyu

Zaman farko na labari ne. A karanta tare, a yi musu tambayoyi har amsa ta zama jiki: me kika ci jiya, wa ya biya kuɗin mota, me maigidan ya ce da za ki fito? Su yi magana da bakinsu na Katsina ko na Daura, su kira ciwo yadda ake kiran sa a gida, jiri, shawara, sanyi, tashin zuciya. In likita ya tambayi abin da ba ya cikin takarda, amsa ita ce mafi sauƙi wadda ba ta buɗe sabon ciwo: "a'a", "lafiya lau", "ban lura ba".

Zama na biyu na ƙa'idar saki da riƙewa ne. Tambayar da amsarta i ko a'a ce, a ba ta i ko a'a, a tsaya. Tambaya mai faɗi irin "Hajiya, ke me kike gani game da abin nan?" a saki jumla biyu ko uku. In likita ya yi shiru yana kallon ta, ta ƙirga zuwa biyar a zuci ta ƙara wani abu, ladan shirunsa ke nan. In ya katse ta, ba ta komawa kan maganar sai ya dawo da ita da kansa. Ku kuma tsayar da zafin zuciya da lamba daga 1 zuwa 10: a ce ɗan ya fara a 4, ya hau 7 in aka yi banza da shi, ya sauko 3 in aka saurare shi. In babu wannan, likita na farko zai gamu da rago, na uku ya gamu da zaki.

Zama na uku na yi wa likita bayani ne bayan wasa, kuma shi ne mafi wuya a wurinmu. In ka tambayi dattijuwa yadda likita ya yi, za ta ce "ai madalla, ya yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka", ko da bai ɗaga kai daga takarda ba. Girmamawa ce, amma ba ta koyar da kowa komai. Ku ba su ƙwarangwal ɗaya su yi ta maimaitawa: lokacin da ka yi kaza, na ji kaza. "Likita, lokacin da ka ja kujera ka zauna, na ji hankalina ya ɗan kwanta." "Lokacin da ka juya kana yi wa ɗana bayani, na ji kamar ba jikina ake magana a kai ba." Biyu masu kyau, ɗaya ko biyu na gyara. Ba sa cewa komai a kan magani ko daidaiton bayanin ciwo, wannan na jagora ne, wato mai tafiyar da atisayen a ɗakin.

5. Wuri, kaya da lissafin kuɗi

Ɗaki uku masu ƙofa, nesa da inda marasa lafiya na gaske ke jira. Kowanne da tebur, kujeru uku na wasa, huɗu a gefe na masu lura da jagora, fayil, takardar sakamako ta bogi, ruwan sha da hankici. A bar kujerar likita a bayan tebur yadda take a asibiti, a ga ko zai jawo ta. Sai mutum ɗaya a baranda da agogo da ƙararrawa.

Kuɗin ba a kaya yake ba, a mutane yake. Kowane ɗan wasa zai ba ku awa 6 na horo da kamar awa 4 ranar atisaye, awa 10 ke nan, mutum tara awa 90. Ku tambayi abin da ake biyan ɗan wasa a wuni a gidan rediyo ko wurin ɗaukar fim, kada ku gaza haka, kuma a biya awannin horo kamar na ranar wasa. Kuɗin mota zuwa huɗu ne ga kowane, 36 gaba ɗaya, a ƙara wa mai tasowa daga nesa kamar Daura ko Mani. Abinci na mutum 25: likitoci 12, 'yan wasa 9, jagorori 3, mai agogo 1. Sai buga takardu da man janareta. Zagaye na biyu ya fi araha, tunda horon ya riga ya zauna.

Gargaɗi: duk fayil da takardar sakamako a rubuta musu ATISAYE da jan biro baro-baro, a ƙirga su kafin da bayan. Takardar bogi mai cewa wance na da sankara ba abin da za a bari ya shiga ɗakin ajiyar kati ba ne.

6. Ku shirya likitocin kafin su shiga

Minti 30 da safe. A gaya musu ba jarrabawa ba ce, babu maki, kuma abin da ya faru a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Wanda ya rikice yana iya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ɗan wasa zai sunkuyar da kai kamar ba ya nan, a yi shawara, a ci gaba. Kada a haɗa ƙaramin likita da ogansa na sashe a rukuni ɗaya, ba zai saki jiki ba.

A tuna musu matakai shida na tsarin SPIKES da Walter Baile da Robert Buckman da abokansu suka fitar a 2000: gyara wurin zama, gano abin da mara lafiya ya riga ya sani, tambayar iya abin da yake so ya ji, faɗin labarin kaɗan-kaɗan bayan share fage, tsayawa da shi a kan abin da ya taso masa a zuciya, sannan tsara abin da za a yi gaba. Ku ƙara musu abin da ya fi tasowa a nan: wa zai zauna a ɗakin, kuma mara lafiya ce za ta zaɓa, a tambaye ta ita kaɗai. Likitocin da ba su ji Hausa sosai ba, irin masu bautar ƙasa, a ba su tafinta, a lura ko mara lafiya suke kallo ko tafintan.

7. Tafiyar ranar

Likitoci huɗu a kowane ɗaki, ba sa motsawa. 'Yan wasa ne ke zagayawa, ta yadda kowane likita zai gamu da labarin da bai gani ba. A kowane zagaye rukunin 'yan wasa uku na aiki, ɗaya na hutawa, kowane rukuni ya yi wasansa sau uku. Zagaye ɗaya minti 35 ne: 2 na karanta takarda a bakin ƙofa, 10 na ganawa, 18 na tattaunawa, 5 na sake gwadawa. Zagaye huɗu da hutun minti biyar-biyar a tsakani, in an fara ƙarfe 9 an gama kafin azahar. Ku kauce wa Juma'a, da ranar da sashe ke da tiyata ko cunkoson asibitin waje, da watan azumi.

Gargaɗi: jagora ba ya tsoma baki cikin minti goman nan, ko likita ya faɗi abin da ba daidai ba. Ya rubuta, ya jira. Ba a dariya, ba a taɓa waya.

8. Tattaunawa da sake gwadawa

Jerin masu magana ba ya canzawa. Likitan da ya yi wasan shi ne farko: ya ya ji, me ya tafi daidai, ina ya so ya canza. Sai ɗan wasa, bayan ya tashi daga kujerar mara lafiya ya koma wata. Sai masu lura, kowa abu ɗaya da ya gani da idonsa, ba "ya yi kyau" ba. Jagora ne ƙarshe, kuma ya fi kyau ya yi tambaya: "Da ta ce ba komai, me ka ɗauka take nufi?"

A ba ɗaya daga masu lura agogo ya auna daƙiƙa nawa likita ya bari kafin ya katse maganar farko. Binciken Beckman da Frankel na 1984 a Amurka ya sami matsakaicin daƙiƙa 18. Ba a gardama da agogo, shi ya sa wannan lamba ta fi wa'azin jagora shiga.

Abin da zai fi fitowa shi ne likita ya ɗauki tawakkali a matsayin fahimta. Ta ce "Allah ne ya kawo", ya ji daɗi, ya rufe fayil. A nan za a gwada masa tambayar da ke tono gaskiya: "Hajiya, in kin koma gida Malam ya tambaye ki me likita ya ce, me za ki gaya masa?" In amsar ta fito a karkace, bayanin ne bai shiga ba, sai a sake shi da wasu kalmomi.

Minti biyar na ƙarshe kada a bari su salwanta, ko an makara. A koma daidai gaɓar da ta kuɓuce, a ce daga inda ɗan ya tare ƙofa, likita ya gwada wata hanya: "Na ji ka, Malam, na san tausayinta kake ji. Bari in tambaye ta iya abin da take so ta sani, sannan mu zauna tare." In ya yi daidai, 'yar wasa ta saki abin da ta riƙe, ya gani da idonsa cewa canjin jumla ɗaya ya buɗe ta.

9. Ku sallami 'yan wasa yadda ya dace

Wadda aka gaya wa tana da sankara sau uku kafin azahar ba za a ce mata "sai an jima" kawai ba. A tara su minti 15, su cire mayafi ko hular wasan, a kira kowa da sunansa na gaskiya, a sha shayi, a tambayi abin da ya tsaya musu a rai. Wanda labari ya taɓa, a canza masa wani a gaba. A biya su a ranar, kafin su fita.

Gargaɗi: bidiyo yana da amfani, amma sai da izini a rubuce daga likita da ɗan wasa, da kyamara ɗaya ta masu shiri, a goge bayan an kalla. Guntun hoton budurwa ana ce mata tana da ciwon hanta, in ya faɗa WhatsApp babu mai tsayawa tambayar ko wasa ne, kuma yana iya taɓa maganar aurenta.

10. Zagaye na gaba

Bayan mako shida zuwa takwas a dawo da likitocin nan 12 da sababbin labarai a kan abu ɗayan, kafin a wuce zuwa wani. A gyara takardun da abin da aka gani: tambayar da likitoci suka yi ta yi babu amsarta, a rubuta mata amsa, sirrin da babu wanda ya kai gare shi cikin mutum uku, a sa masa alamar da 'yar wasa za ta jefa a minti na shida. In makaranta na son amfani da 'yan wasan a jarrabawar tasha-tasha ta OSCE, wadda Ronald Harden ya ɓullo da ita a Dundee a 1975, a ware musu wani zaman horo dabam, don a can ba a dakatawa, ba a sake gwadawa, kuma duk masu rawa ɗaya sai an gwada su gefe da gefe har maganarsu ta farko da zafin zuciyarsu su zo daidai.